Rumfa mai mita tara a Essen: abin da ya sami wani ƙaramin kamfanin dusar kwakwa

Kamfanin ƙarami ne, na uba da 'ya'yansa biyu, a Siri Lanka. Ba zan kama sunansa ba, don abin da ya same shi ba abin yayatawa ba ne, kuma ba kansa farau ba. Sana'arsu dusar ɓawon kwakwa. Idan an tsefe zaren da ake tufka igiya da shi, garin da ya rage shi suke tarawa su wanke, su shanya, su danne da inji ya zama bulo mai kilo 5. Manomi ya jiƙa bulon nan, ya kumbura ya ba shi wajen lita 60 zuwa 70 na abin shuka, wanda ake zubawa a tukunya ko a doguwar jakar leda a madadin ƙasa. Tumatir, kokwamba, tattasai, sitiroberi da furanni duk ana noma su a ciki a gidajen gilashi.

Shekara da shekaru dillalai suke sayar wa, dillalan su manna nasu tambarin su kai Turai. A 2023 maigidan ya ce ya gaji da noma wani na cin amfanin, zai je ya tsaya gaban masu saye da kansa. Ni an ɗauko ni ne in kula da takardu in kuma tsaya a rumfa, saboda haka yawancin abin da zan faɗa a kan idona aka yi, kuma akwai inda laifin nawa ne.

Wuraren baje koli uku aka auna. Akwai GreenTech da ake yi a Amstadam a watan Yuni tun 2014, wanda ya fi karkata ga injuna da fasahar gidan gilashi. Akwai Cultivate na ƙungiyar AmericanHort a birnin Kolombus na jihar Ohayo a watan Yuli, amma kasuwar Amurka ba ita ce a gabansu ba. Sai IPM a birnin Essen na Jamus, wanda aka fara a 1983, ake yi kwana huɗu a ƙarshen Janairu, kamfanoni sama da dubu suna baje kaya, ana kuma yin laccoci da tarukan masana a gefe. Shi aka zaɓa. Na 2024 ya kama daga 23 zuwa 26 ga Janairu.

Lissafin maigidan ba na banza ba ne. Abin da masu rainon shuka a Turai suka daɗe suna dogaro da shi shi ne fit, wato ruɓaɓɓen gansakuka da ya shekara dubbai a dausayi, wanda ake haƙowa musamman a Istoniya da Latbiya da Lituweniya. Haƙar tana sakin iskar kabon da dausayin ya daɗe yana riƙe da ita, don haka ake matsa wa masana'antar ta rage. A Janairun 2021 kamfanin Bord na Móna na Ailan ya sanar da daina haƙa baki ɗaya. Jamus kuma ta sa wa kanta buri, ba bisa tilas ba, na cire fit daga ƙasar tukunyar masu lambun gida zuwa 2026, da kuma rage mafi yawansa a noman kasuwa zuwa 2030. Duk mai haɗa ƙasar tukunya yana neman abin da zai cike gurbin, dusar kwakwa kuma tana sahun gaba. Zuwa nan dai babu kuskure.

Inda kuɗin ya tafi

An kama rumfa mafi ƙanƙanta, mita 3 sau 3. Aka buga babban kyalle na bango, aka sake buga shi karo na biyu da aka gane cewa a zaurukan baje koli na Jamus sai kayan ado sun kasance masu wuyar kama wuta, matakin da suke kira B1, da takardar shaida a hannu. Aka biya wuta, aka biya fitilu, aka buga ƙasidu masu sheƙi fiye da abin da mutum uku za su iya rabawa. A fam ɗin da ake cikewa akwai gurbin jawo ruwa zuwa rumfa. Maigida ya duba ya ce kaya busassu muke sayarwa, me za mu yi da famfo. Aka tsallake.

Abin da kyallen yake talla kuwa ba bulon da suka iya ba ne. Babban ɗan ya shafe shekara yana gwada wani sabon haɗi, dusar kwakwa da ɓuntun shinkafa da ɗan takin ganye, kuma gaskiya a gonar gwajinsu ya yi kyau. Shi aka ɗora wa duk tafiyar. Hotonsa ne ya cike bangon, sunansa ne a saman ƙasida.

Kayan nuni aka ɗora a jirgin ruwa daga tashar Kolombo ta Siri Lanka a farkon Disamba, da ratar da a shekarar da ta gabata ta wadatar. Sai aka shiga rikicin Bahar Maliya. Hare-haren da ake kai wa jiragen kasuwanci suka sa manyan kamfanonin sufuri suka kauce wa mashigin Suwez, suka koma zagaye ta ƙarshen Afirka ta Kudu, hanyar da ke ƙara kwana goma zuwa mako biyu, ban da cunkoson da ya biyo baya a tashoshi. Tun farkon Janairu muka san kayan ba za su riski bukin ba. Wannan ba laifin kowa ba ne a cikinmu. Aka haɗa wasu 'yan kwalaye cikin gaggawa aka tura ta jirgin sama: bulo, jakunkunan shuka, da buhunan sabon haɗin.

A nan na yi tawa wautar. Na san kayan da aka kai don nuni kawai ana iya shigar da su da takardar ATA, wadda ke aiki har shekara guda ba tare da biyan kuɗin fito ba, na kuma san ba ta ɗaukar abin da za a rabar ko a ƙarar, don haka samfuran na bi da su ta hanyar shigo da kaya ta yau da kullum. Akwatunan katako na tabbatar suna da hatimin ISPM 15, shaidar an gasa katakon har cikinsa ya kai digiri 56 na minti 30. Na karɓo takardar lafiyar tsirrai daga hukumar ƙasarsu, na ɗauka shi ke nan. Abin da ban karanta ba shi ne jerin kayan da Tarayyar Turai ta hana shiga kwata-kwata, a ƙa'idar aiwatarwa mai lamba 2019/2072, wadda ta fara aiki tare da sabuwar dokar lafiyar tsirrai a ranar 14 ga Disamba 2019. A jerin akwai ƙasa, akwai kuma duk abin shuka da aka yi da sassan tsirrai daga wajen Tarayyar, in ban da Suwizalan. Abu biyu kawai aka keɓe: fit zalla, da zaren kwakwa zalla, su ma sai in ba a taɓa noma a cikinsu ba. Kalmar da ta kashe mu ita ce zalla. Da ɓuntu da taki suka shiga, kayan ya fita daga keɓewar, kuma haramtaccen kaya takardar lafiya ba ta halatta shi. Aka riƙe buhunan a filin jirgi, aka ba mu zaɓi: a mayar ko a lalata. Dalilin dokar ba ɓoyayye ba ne, taki da ɓuntu suna iya ɗauko tsutsar saiwa da ƙwayoyin cuta da irin ciyawa.

Matsalar ta wuce ta samfur. Ma'anarta ita ce ko da wani ya so haɗin, babu hanyar sayar masa da shi daga can a yadda yake. Shekara guda ta gwaji aka yi a kan kayan da kasuwar da ake nufa ba za ta bari ya sauka ba, kuma minti goma na karatu da ya nuna haka.

Kwana huɗu a zaure

Ranar Talata muka buɗe da bango yana tallar abin da ba ya nan, da bulo shida a kan tebur kamar tubalin gini. Mutane suna wucewa. Wanda aka miƙa wa ƙasida ya karɓa don kunya, ya jefa a jaka. Busasshen bulo ba shi da abin kallo, kuma a zauren nan akwai masu irinsa da yawa, wasu da rumfa mai girman gida, da wurin zama da mai haɗa shayi.

Da yamma ƙaramar 'yar, wadda ita ce ke kula da wanki da shanya a masana'anta kuma ba a cika jin bakinta ba, ta fita ta sayo babbar roba mai garai-garai da jarkoki biyu. Washegari ta yi ta jigilar ruwa mai ɗumi daga famfon da ke can ƙarshen zaure, sawu bayan sawu, saboda gurbin nan da aka tsallake a fam. Ta sa bulo a robar ta kwarara ruwa. Da farko shiru, sai gefuna suka fara tsagewa, ɓawo-ɓawo suna ɗagowa kamar littafin da ruwa ya taɓa, can ya soma numfashi yana tashi, kafin rabin sa'a robar ta cika da gari mai launin ƙasa-ƙasa da ƙamshin itace jiƙaƙƙe. Gani ya kori ji. Mutane suka fara tsayawa, wasu na ɗaukar bidiyo, wasu na cusa hannu.

Maigida ya ji daɗi, amma yawancin masu tsayawar 'yan kallo ne: ɗalibai, masu shagon fure, masu lambun gida. Wanda ya san aikin ba kumburi yake kallo ba, ya gani sau dubu. Irinsu na farko da ya zo wani dattijo ne daga Holan, mai sayen kaya ga wata masana'antar haɗa ƙasar tukunya. Ya ɗebi cikin hannu ya matse, ya duba launin ruwan da ya ɗigo, ya murza tsakanin yatsu yana neman yashi, sannan ya ɗauki ƙasidarmu ya ɗora yatsa a inda aka rubuta EC ƙasa da 0.5. Tambayarsa ɗaya: da wane awo aka samo wannan lamba?

Sai na ɗan tsaya a nan, don duk lamarin a kan wannan tambaya ya juya. EC awon yawan gishirin da ke narke a ruwa ne, ta hanyar duba yadda ruwan ke ɗaukar lantarki. Ɓawon kwakwa yana zuwa da gishirinsa, sodiyam da fotasiyam da kuloraid, balle in an jiƙa shi a ruwan da ke kusa da teku, kuma gishiri mai yawa yana ƙone saiwar dashe. Shi ya sa ake wankewa. To amma don a auna, sai an gauraya dusar da ruwa tsaftatacce, kuma yawan ruwan shi ke yanke lambar. Masana'antu da dama a kudancin Asiya suna zuba ruwa kashi 5 a kan dusa kashi 1. A Holan kashi 1.5 ake zubawa a kan kashi 1. Dusa ɗaya ce, amma awon farko yana ba da lamba ƙarama saboda an tsarma gishirin sosai. Lamba ba tare da an faɗi awonta ba, ba ta gaya wa mai saye komai, kuma idan ya gano da awon tsarmi aka yi ba a faɗa ba, yana ɗauka an so a rufe shi ne. Namu da kashi 5 aka yi. Ba da niyyar cuta ba, haka suka gada, dillalansu kuma ba su taɓa tambaya ba don su suna sake aunawa da kansu.

Tambaya ta biyu ta fi ciwo: wankakke ne kawai, ko an jiƙa shi a ruwan kalsiyam? Babban ɗan ya ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Wanki yana fitar da gishirin da ke sake. Akwai kuma sodiyam da fotasiyam da ke maƙale a jikin dusar kanta, waɗanda ruwa ba ya ɗaukewa. Idan manomi ya fara ba da takin ruwa, dusar sai ta ƙwace kalsiyam da magneziyam ɗin da aka zuba don shuka, ta saki waɗancan a madadinsu. Shuka ta shiga ƙarancin kalsiyam alhali ana ba ta, gindin tumatir ya riƙa baƙi yana ruɓewa, bakin ganyen sitiroberi ya ƙone. Maganinsa a jiƙa dusar a ruwan kalsiyam naitiret tun a masana'anta, musayar ta auku a can, a sake ɗaurayewa. Kamfanin yana yin haka ga wasu dillalai idan sun nema, amma ba a rubuta a ko'ina wane bulo ne wane ba, har na kan teburin ma sai da 'yar ta duba lambar jikin leda kafin ta iya faɗa.

Dattijon ya tambayi shaidar RHP, hatimin ingancin abin shuka na Holan wanda asalinsa ya koma 1963, wanda ke bin kaya tun daga inda aka samo shi har buhu. Babu. Ya tambaya a kan siminti ake shanya ko a ƙasa, don shanyar ƙasa ita ke kawo yashi da irin ciyawa. Ya tambaya kayan damina da na rani awonsu ɗaya ne? Ya ce, a taƙaice, shi ba ya tsoron kaya mai matsakaicin kyau, yana iya gyara takinsa ya dace da shi. Abin da yake tsoro shi ne kwantena ta uku ta bambanta da ta farko bayan an riga an dasa gida guda. Ya ajiye ƙasidar a tebur ya tafi, ko kati bai bari ba.

Daren nan aka yi gardama a masauki. 'Yar ta ce a sayo ruwan da aka tace gishirinsa, gobe a auna a gaban mutane da awon Holan, a rubuta abin da ya fito a allo. Uban ya ce wannan tonon asirin kai ne, lambar za ta fi ta ƙasida. Na ce masa, Maigida, ranka ya daɗe, duk wanda zai sayi kwantena sai ya kai samfur ɗakin gwaji, gara ya ji daga bakinmu. Bai amsa ba, bai kuma hana ba.

Ranar Alhamis ta jera kofin awo, da na'urar EC ta aljihu, da ta pH mai auna tsami. Ba daga robar nuni ta ɗiba ba, tunda ruwan famfo yana da nasa gishirin kuma zai ɓata lissafi. Ta ɓanƙaro guntu daga sabon bulo, ta jiƙa shi daban da tataccen ruwa, ta auna kashi ɗaya, ta zuba ɗaya da rabi, ta motsa, ta bari ya zauna, ta tace, ta tsoma na'urar. Lambar ta haura ninki biyu na abin da ke ƙasida. Ta rubuta ta da alƙalami mai kauri, da awon a gefenta, ta kuma bi ƙasidun da suka rage tana soke tsohuwar lambar da hannu. Awon tebur ba ya maye gurbin na ɗakin gwaji, ita ma ta san haka, tana faɗa wa duk wanda ya tsaya. Amma daga ranar irin masu tsayawa ya sauya. 'Yan bidiyo suka ragu, masu fito da ɗan littafi daga aljihu suka ƙaru. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Laccocin gefe kuwa maigida ya hana kowa zuwa, wai kada a bar rumfa. Sau ɗaya na sulale na shiga wata a kan rage fit, kuma a can na gane cewa dusar kwakwa ba ita kaɗai ke neman gurbin ba, akwai zaren katako da ɓawon itace da takin da ake yi a Turai, waɗanda ba sa ƙetare teku. Na kuma ji tambayoyin da ake yi a kanta: ruwa nawa wanki ke ci, ina ake zubar da ruwan naitiret bayan jiƙo, wane hali ma'aikata suke ciki. Kashegari mutum biyu suka yi mana waɗannan tambayoyi kusan kalma da kalma. Da a ranar farko aka tura wani ya saurara, da ba a yi ta in-ina ba.

Wani abin da ba a lissafa ba: babban dillalinsu yana da tasa rumfar a zaure na gaba. Ya zo ya gaisa da fara'a, ya daɗe yana karanta allon. Bayan wata guda ya rage oda. Kamata ya yi a sanar da shi tun kafin tafiya, a kuma yarda da shi a kan waɗanne abokan ciniki ne ba za a taɓa ba.

Bayan an naɗe kyalle

Ba a sayar da ko bulo ɗaya a Essen ba, kuma bai kamata a sa ran haka ba. Mai noman tumatir a gidan gilashi a arewacin Turai yakan dasa a Disamba ko Janairu ya yi ta girbi har Nuwamba, jakunkunan shukarsa kuma tun watanni kafin dashe ya yi odarsu. Wanda ya zo baje kolin Janairu ya riga ya dasa. Abin da ake samu a rumfa izini ne na aika samfur, samfurin ya shiga ɗakin gwaji, in ya wuce a gwada shi a layi ɗaya ko biyu na tsawon kaka guda, sannan a fara maganar kwantena.

Katunan da aka tara 'yar ta raba su gida biyu tun a jirgi: waɗanda suka yaba, da waɗanda suka yi tambaya mai wuya. Tarin farko ya fi kauri nesa ba kusa ba, kuma kusan babu wanda ya amsa saƙo a cikinsu. Na biyun 'yan kaɗan ne, yawancinsu masu haɗa ƙasar tukunya ne ba manoma ba. A ganina nan ne babban kuskuren tsari yake, ya fi na buhunan da aka riƙe. Ƙaramin kamfani mai nisa ba shi da ma'ajiya a Turai, ba shi da malamin gona da zai je idan ganye ya fara ƙonewa, don haka manomi ba zai saya kai tsaye daga gare shi ba. Mai haɗa ƙasa ne abokin cinikinsa, shi ke da ɗakin gwaji, shi ke sayen zallar dusa ya gauraya da ɓuntu ko taki a can inda doka ta yarda. Da sun fara zuwa a matsayin baƙi shekara guda kafin nan, suka zaga da ƙafa kwana biyu suna tambaya, da sun ga haka ba tare da kama rumfa ba.

Kayan jirgin ruwa sun iso a Fabrairu. Buhunan haɗin da ke ciki suka bi sawun na farko. Zallar bulon kuwa aka ajiye a ma'ajiyar wakilin sufuri, kuma daga nan aka riƙa aika wa 'yan tarin na biyu, kowane da takardar ɗakin gwaji mai zaman kansa, da awon a rubuce, da lambar rukunin da aka yi shi. Biyu daga cikinsu suka nemi ƙari don gwajin gona. Dattijon Holan ba ya ciki.

A masana'anta an zuba siminti a sauran filin shanya, an ware ledar kaya mai jiƙon kalsiyam da wani launi daban, an fara ajiye guntu daga kowane rukuni a kan kanta da kwanan wata. Sabon haɗin ana sayar da shi a cikin gida. Kyallen, wanda aka biya sau biyu, yana naɗe a bayan ofis. Da fam ɗin shekara ta gaba ya zo, 'yar ce ta cike shi, ta sa alama a gurbin ruwa da magudana, uban kuma ya sa hannu bai ce komai ba.